Tagogin Kawu Arvo

Lappe, Ontario
Nuwamba, 2004

Zuwa ga Kaisa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki. Ni dai ga ni nan, sai gwiwar hagu da ba ta son sanyi, shi kuma sanyin bai nemi shawararta ba ya zo. Dusar ƙanƙara ta rufe gonar har bakin ƙofar sauna, ɗakinmu na wankan tururi. Doreen maƙwabciyata tana gaishe ki, wai in tambaye ki ko kin samu miji a can arewa. Na ce mata jirgin da ke kai muku wasiƙa ma sai ya ga dama yake sauka, balle miji.

Na san za ki ce me ya mayar da ni biro da takarda alhali kawunki Arvo ya bar mini kwamfuta. To, dalilin wasiƙar ke nan. Tun da muka binne shi a watan Afrilu na rufe ta da tawul a ɗakin ɗinki, ban ƙara bi ta kanta ba. Sai wata safiya cikin Satumba na farka, na nemi muryarsa a cikin kaina na rasa. Fuskarsa tana nan, hannuwansa suna nan, har ƙaurin sigarin da yake ɓoye mini a rumfar itace yana nan, amma muryar ta tafi. Kaisa, na ji tsoro ƙwarai. Mutum ya shafe sama da shekara arba'in yana yi maka surutu, a ce cikin 'yan watanni ka manta yadda yake kiran sunanka.

Kin tuna a hunturun bara ya sayo 'yar makirfo, ya ce zai ɗauki waƙoƙin da mahaifiyarsa ta zo da su daga Finland kafin su bi shi kabari? Na san inda ya ajiye su. Akwai wata 'yar jaka rawaya a kan allon, ya sa mata sunansa. In na danna ta sai kwamfutar ta yi ta nishi kamar tsohuwar firjinmu, daga nan komai ya tsaya cak. Har yau ko tarinsa ban ji ba.

Amma wani abu ya faru. Ranar da na haɗa ta da layin waya, ta gama kukan nan nata, sai tagogi suka fara buɗe kansu a kan allon. Ta farko ta nuna mini abin huda ƙanƙarar tafki, irin wanda ya yi ta cewa zai saya don kamun kifi. Ta biyu injin kwalekwale. Sai irin tumatir mai jure sanyi, sai takalmin daji. Duk abubuwan da yake lissafa mini a teburin cin abinci ni kuma ina cewa ba mu da wurin ajiyewa. Wata ma sunansa ta kira, da manyan baƙaƙe. Na zauna ina kallo har kofina ya huce.

Yanzu kullum da safe nakan kunna ta, in ja kujera in ɗauki saƙata. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar tsuntsayen da ke sauka a akwatin tsabar da ya kafa musu a bakin taga. Ban ce shi ne ba, kada ki sa a kwantar da ni a asibitinku. Amma gidan ya rage yi mini faɗi.

Ke da kika yi boko mai zurfi, ki koya mini yadda zan buɗe jakar rawayar nan kawai. Sauran ki bar mini abina. Na sa miki burodin pulla a kwalin, in ya bushe kafin ya iso ki tsoma a kofi.

Goggonki,
Hilja

*

Tashar lafiya, arewacin Ontario
Disamba, 2004

Goggo Hilja,

Ina gaishe ki da kyau. Lafiyata ƙalau, sai mura da ta zagaye ƙauyen nan gida gida, ni ma ta ba ni rabona. Ki riƙa ɗumama gwiwar, kuma don Allah ki daina fasa itace da kanki. Pulla ya iso da ƙarfinsa kamar bulo, amma ko ɓurɓushi bai kwana ba. Ki ce wa Doreen in ta samu wanda ya iya fasa itace ta turo shi gidanki tukuna.

Na kira ki sau ba adadi tun kafin wasiƙarki ta zo, kullum layin a cike. Yanzu na gane: kwamfutar ce ke riƙe da shi tun safe har yamma.

Goggo, tagogin nan talla ne. Kin san Kawu, ba ya iya cewa a'a ga abin kyauta. Kin tuna kifayen nan masu iyo a allon idan an bar kwamfutar? Da agwagwar da ke faɗa masa yanayin sama? Kowannensu da ɗan rakiyarsa ya shigo, ana ce musu manhajar leƙen asiri. Suna laɓewa a cikin na'urar, suna kallon duk abin da mutum ya nema, su kai wa 'yan kasuwa rahoto. Shi ya sa suka san abin da Kawu yake so. Kuma su ne suke shanye mata ƙarfi har ta kasa buɗe jakar. In suka ƙara yawa, wata rana za ki kunna ta ƙi tashi, in kuma aka kai ta wurin masu gyara a Thunder Bay, mafi sauƙin abin da za su yi shi ne su wanke ta tas. Waƙoƙin su tafi ke nan, kuma babu su a ko'ina sai nan.

Ga faifai na sa miki, akwai manhajoji biyu a ciki, na kyauta ne, kuma su na kirki ne. Ki fara zare wayar tarho daga bayan kwamfutar. In kin kunna, ki yi ta danna maɓallin F8 har baƙin allo ya fito da rubutu, ki zaɓi layin farko. Komai zai fito da girma da muni, kada ki tsorata, a haka miyagun ba sa iya tashi. Ki sa faifan, ki danna hoton gilashin dubawa, ki bar shi ya yi bincikensa. In ya gama ki danna hoton garkuwa, don abin da ɗaya ya tsallake ɗayan zai kama.

In kin gama babu abin da zai rage na tarkacen da Kawu ya tara. Ki share su duka ki huta.

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, mu biyu ne kawai a tashar.

'Yarki,
Kaisa

*

Lappe
Ƙarshen Disamba, 2004

Kaisa,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya, gwiwa ma da sauƙi. Kirsimeti ya wuce lafiya, na kunna kyandir a kabarinsa, iska ta kashe, na sake kunnawa.

Tarkace, in ji ki. Haka ƙanwarsa ta ce bayan jana'iza da ta ga takalmansa a bakin ƙofa. Haka matan coci suka ce da suka zo da kwalaye wai za su taya ni rage kaya. Kowa ya shigo gidan nan da tsintsiya yake shigowa. Ban zata har da ke ba, ke da ya goya a wuyansa ya zagaya tafki da ke kina jan kunnuwansa.

Ban gaji ba, balle in huta. Kuma na san mene ne talla, na girmi talabijin.

Faifanki yana nan, yana da kyau a ƙarƙashin kofin kofi, ba ya bari teburi ya yi tabo. Jiya tagar injin kwalekwalen ta dawo, wannan karon da hoton wani tafki da rana tana faɗuwa. Na daɗe ina kallonsa. Har na ga kamar mu ne a ciki, shi a baya yana faɗa da igiyar injin, ni a gaba ina riƙe da hulata.

Hilja

*

Tashar lafiya
Janairu, 2005

Goggona,

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Lafiya nake. Guguwa ta hana jirgi sauka kwana da kwanaki, shi ya sa wasiƙarki ta makara, kuma da na karanta na so a ce ta ƙara makara.

Ki yafe mini. Na rubuta miki kamar ina rubuta wa majinyaci yadda zai sha magani. Ba Kawu nake nufi ba, ba takalmansa ba. Ni ma hular da ya ba ni tana rataye a nan, duk ta yage, kuma duk wanda ya taɓa ta sai mun ɓata.

Ni ma na fara rasa muryar, Goggo. Ina iya tuna abin da ya ce ranar da na kama kifina na farko: "Wannan ai sai mu mayar da shi ya gama firamare." Kalmomin suna nan, amma da muryata nake jin su. Don haka ba ke kaɗai kike jiran jakar nan ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Manhajojin ba sa tilasta miki sharewa. In sun gama bincike za su ba ki zaɓi biyu, a goge ko a killace. In kika ce a killace, za su kulle masu kawo tagogin a wani ɗaki a cikin na'urar, ba su mutu ba, ba kuma sa iya fitowa. Duk ranar da kika so kina iya buɗe musu. Ba zan ce komai ba.

Har yanzu ina kiran ki kullum in na tashi aiki. Da ina jin haushin ƙarar layin nan a cike, yanzu kuwa ita nake jira. In na ji ta sai in ga ki a ɗakin ɗinki, hasken allo a gilashin idonki, saƙa a cinya, dusar ƙanƙara tana sauka a bayan taga. Sai in ce to, Goggo ta tashi lafiya yau, in ajiye wayar. Nan rana ba ta daɗewa a sama, fitowarta da komawarta kamar ta zo aron gishiri. Wannan ƙarar ce take raka ni gida.

Ki rubuto, ko da zagi ne.

Kaisa

*

Tashar lafiya
Fabrairu, 2005

Goggo,

Ina fata kina lafiya, kuma yau ba don al'ada na rubuta haka ba. Ba ki amsa wasiƙata ba, na haƙura. Amma yau da tsakar rana na kira, sai wayar ta shiga. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, na sake, ba a ɗauka ba. Tun Nuwamba ban ji layin nan a buɗe ba. Na kira Doreen, ashe tana Arizona wurin 'yarta.

Jirgi yana ƙasa, matuƙin yana jirana da wannan takardar. Ban san ma me ya sa nake rubutawa ba, hannuna ne ya rasa abin yi. In yamma ta yi ban same ki ba zan sa 'yan sanda su je gidan, ki yi fushin da za ki yi.

Kaisa

*

Lappe
Fabrairu, 2005

Kaisa 'yar albarka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina nan da raina kamar yadda kika ji da kunnenki da yammar nan, ko da yake ke kika yi duk maganar. Ban taɓa sanin kin iya faɗa haka ba, jinin Arvo ne ba shakka. Na ce miki zan rubuto, don abin da zan faɗa ba na waya ba ne.

Wasiƙarki ta Janairu ta daɗe da zuwa. Na karanta, na yafe miki tun a layi na biyu, amma ban taɓa faifan ba. Bari in gaya miki abin da ya sa na taɓa shi.

Zaren saƙata ya ƙare, wani kore mai duhu da ba a samu a gari. Na ce bari in gwada nema a kwamfutar, da yatsa ɗaya, kamar yadda na ga yana yi. Ban samu ba, na bari. Washegari ina zaune, sai ga taga ta buɗe da zaren ulu, koren nan sak. Bayanta maganin gwiwa. Bayanta wata da ke tambaya ko ina jin kaɗaici, wai akwai dattawan kirki a kusa da ni. Na ajiye saƙar na yi dariya har da hawaye. Kaisa, kawunki ya shekara arba'in yana sa rigunan da na saƙa masa, ko sau ɗaya bai taɓa sanin launinsu ba. Na taɓa rina gashina ja, sai da Doreen ta nuna masa. Wannan abin da ke cikin kwamfutar ya cika lura da ni. A nan na tabbata ba mijina ba ne.

Duk da haka na ƙara kwana biyu, don ko baƙo ne ka saba da shi sai ka ji nauyin korarsa. Sai ranar Laraba da safe na kunna, allon ya yi shuɗi, ya mutu. Na sake kunnawa, ya sake. A karo na uku da ta tashi, ban tsaya ko cire tabarau ba, na ɗaga kofin na goge faifan da gefen rigata.

Na zare wayar. Na yi ta dukan F8 kamar ina ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Komai ya fito da girma da muni kamar yadda kika ce. Mai gilashin ya fara bincike, sunaye suna ta gangarowa jajaye, ban san gidana ya cika da baƙi haka ba. Na tafi na hura wutar sauna, na dawo yana nan yana tonowa. Na ga agwagwar a cikinsu, na ce ke ma? Mai garkuwar ya bi baya ya tsinto waɗanda suka ɓuya.

Da ya tambaye ni a goge ko a killace, na daɗe hannuna a kan linzamin kwamfutar. Kin san ina yarinya na yi shekara a asibitin masu tarin fuka, a bayan gilashi. Innata takan zo ran Lahadi ta tsaya a cikin dusar ƙanƙara tana ɗaga mini hannu. Ba daɗi, amma ba mutuwa ba ce. Na ce a killace. Suna can, ba na zuwa duba su.

Na sake kunnawa. Shiru. Ba taga ko ɗaya, allon fayau kamar tafki da safe. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta karye, na ji kamar yau aka fitar da shi daga gidan. Sai na danna jakar rawayar, ta buɗe nan take, ko nishi ba ta yi ba.

Abu ɗaya ne kawai a ciki, mai tsawo. Na danna.

Ya fara da tari. Sai ya hura makirfon, ya ce, "Ɗaya, biyu. Arvo ne. To wa zai zama in ba ni ba." Kaisa, muryar ta fi yadda nake zato kauri, kuma da ɗan amon hanci, yaya aka yi na manta da hancin nan? Ya ja waƙar mahaifiyarsa, baiti ɗaya, ya shiga na biyu ya ɓata. Yana cikin nema sai na ji wata mata daga nesa, da murya kamar ƙarar ƙofa, tana cewa, "Arvo! Miyar nan in ta huce ba zan ɗumama ba!"

Ya ce wa makirfon a hankali, "Kun ji gwamnati." Sannan da ƙarfi, "Ga ni nan, Hilja!"

Kujera ta ja baya, takunsa ya yi nisa. Bai kashe abin ba. Ya manta, kamar yadda yake manta fitilar rumfa. Waƙoƙin Finland dai baiti ɗaya da rabi muka samu, ki yi haƙuri. Sauran duka kicin ɗinmu ne ta ƙofar da ya bari a buɗe. Cokali yana taɓa kwano. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, na ce harshensa ne ya tsufa. Ya ce, "Miƙo man shanun." Na ce, "Hannunka ya karye ne?" Ya yi dariya da abinci a baki. Muka yi gardama a kan ko barewar da ke cin itacen tuffa ɗaya ce ko biyu. Daga nan dogon shiru, sai agogon bango, sai ni ina ɗan rera wani abu ina wanke kwanuka, ban ma san ina rerawa ba. Can sai ya ce, ba gaira ba dalili, "Miyar ta yi daɗi."

A nan wayarki ta fara ringi. Na ji ta sarai. Na kasa tashi ne, kuma ko da na iya ba zan tashi ba. Ki yafe mini tsoron da na ba ki.

Doreen za ta dawo cikin Maris, surukinta zai kwafe mana a faifai biyu, ɗaya naki. Na mayar da lasifikar kwamfutar kan firji, wayarta ta kai da ƙyar. Yanzu nakan dafa miyar kifi, in zuba, in danna, in zauna a kujerata. In ya ce a miƙo man shanu ina miƙawa, tun da yanzu ba mai ganina.

Layin a buɗe yake, ki kira duk ranar da kika so. Sai dai ban da tsakar rana, lokacin muna cin abinci.

Goggonki,
Hilja